Ƙaramin layin jirgin lantarki a kan allo mai tsawon mita 2: ta ina ake fara tsari?

Ɗan Anguwan Rogo

Assalamu alaikum jama'a. Ina so in haɗa ƙaramin layin dogo na samfuri a ɗaki nan Jos, irin na jirgin da ke shan wuta daga wayar sama. Wurin tsawon mita 2 ne, faɗi santimita 90, jikin bango. Ina son layi biyu masu zagayawa, tasha ɗaya, da gada inda layi zai hau kan ɗan'uwansa. Sikelin N zan ɗauka ko HO, wato wane girman samfuri? Dole ne wayar saman ta ɗauki wuta da gaske? Kuma falwayoyin kafin a zuba tsakuwa ake kafa su ko bayan an zuba?

Injiniyan Kubwa

Wa alaikumus salam. Malam, faɗin allonka ya riga ya yanke hukunci, N za ka ɗauka. A HO, wato 1:87, kwana mafi matsi rabin faɗinta kusan milimita 360 ne, ta layi na biyu kusan 420. Zagayen waje kaɗai ya cinye santimita 84, ba ka sa falwaya ko ɗaya ba. A N, mai tsakanin dogo milimita 9, kwanonin dogon Unitrack na kamfanin Kato masu rabin faɗi milimita 315 da 348 suna tafiya tare saboda tazarar layi biyu a tsarinsu milimita 33 ce. Zagayen waje bai kai santimita 70 ba, ka ga saura kusan 10 a kowane gefe. Kada ka gauraya da Tomix, tasu tazarar 37 ce.

Sai ka zaɓi ƙasar da za ka kwaikwaya tun yanzu, domin falwayar Jamus daban, ta Japan daban. A nan gida, jirgin Idu zuwa Rigasa dizal yake sha, shi kuwa Blue Line na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a 2023 daga dogo na uku da ke gefen layi yake samun wuta, ba shi da wayar sama. Ni Japan zan ce maka. Yawancin layukansu tsakanin dogo milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layin da ya shigo Jos ta Kafanchan, shi ya sa matsattsiyar kwana ba ta yi musu muni. Jiragensu na fasinja kuma suna da wurin direba gaba da baya, ba sai ka ware layin da inji zai zagayo ba. Tarago huɗu a sikelinsu na 1:150 kusan santimita 53 ne, dandamalin tasha na santimita 60 ya ishe ka. Dogon taragon Jamus ɗaya a 1:160 ya kai santimita 16.5.

Batun bango: hannu ba ya wuce santimita 60 zuwa 70 cikin sauƙi, kuma da waya a gabanka hannun riga ne zai riƙa tsinka ta. Ka sa wa ƙafafun teburin taya.

Mai Dalma, Bukuru

Injiniya ya gama da sikeli, bari in taɓa wayar, don ita ce ke juya duk tsarin. Kada ka ba ta wuta. Injin ya sha daga dogo kamar kowa. A dogo ƙafafu da yawa ne ke ɗaukar wuta, a sama kuwa wuri ɗaya tak fantogiraf, wato hannun da ke kan rufin jirgi yana ɗaukar wuta daga waya, ke shafa, ƙura ƙanƙanuwa ta shiga tsakani jirgi ya tsaya. In ka koma DCC, wato tsarin dijital da ke aika wa kowane inji umarninsa daban, ma babu wata riba, tunda dalilin ba waya wuta a da shi ne a tuƙa jirgi biyu daban-daban a layi ɗaya, DCC kuwa yana yin haka ta dogo.

Abin da za ka yanke kafin kafinta ya taɓa katako shi ne ko fantogiraf zai shafi waya ko ba zai shafa ba. In zai shafa, ga lissafin. Waya miƙe take tsakanin falwaya biyu, dogo kuwa yana lanƙwasa, saboda haka a tsakiya waya tana gocewa ta cikin kwana. Tazarar falwaya mafi tsawo ita ce 4 sau tushen murabba'in abin da ka samu in ka ninka rabin faɗin kwana da gocewar da kan fantogiraf zai jure. Ɗauki gocewa milimita 1.5 a kwanar 315, amsar kusan milimita 87 ce. Kwanonin allonka biyu sun haɗa da'ira guda mai tsawon kusan mita 2, wato falwaya 23 a kwana kaɗai. In ka tsallake ɗaya, kan fantogiraf zai zame daga ƙarƙashin waya, sifirin ya ɗaga shi sama, ya sarƙe hannun falwaya ta gaba ya karye. A layi na gaske tazarar kan kai mita 60, wato santimita 37 a N, shi ya sa waya mai aiki a matsattsiyar kwana take zama kamar shinge.

Hanya mai sauƙi ita ce ta Japanawa: falwaya ba waya. Kato da Tomix suna sayar da su haka, na layi ɗaya da masu haye layi biyu. Ido da kansa yake cike gurbin, domin wayar gaske kaurinta kusan milimita 12 ne, a N bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. In zuciyarka ba ta yarda sai da waya, akwai na Sommerfeldt da Viessmann, ko ka like siririyar wayar tagulla ta milimita 0.3 da dalma, sannan ka ɗaure fantogiraf da zaren kamun kifi ya tsaya milimita 1 zuwa 2 ƙasa da ita. Tsayin waya daga kan dogo ya zama ɗaya ko'ina, tsakanin milimita 35 da 40. Yanka ɗan katako mai wannan tsayin ka riƙa ɗora shi a kan dogo a kowace falwaya. Bayan dalma ka shafa mata fenti mai duhu, ƙyallin tagulla ne ke ƙara mata kauri a ido.

Injiniyan Kubwa

Na manta da gadar. Malam, ka haƙura da ita. Waya milimita 38, wayar da ke riƙe ta da ɗan sarari 10, kaurin gada da na layin sama kusan 12, ka tashi da milimita 60. A hawan kashi 3 cikin 100, wanda gara kada ka wuce shi don kada ƙafafun inji su riƙa sulɓi, kana bukatar mita 2 hawa, mita 2 gangara. Zagayenka duka kusan mita 4.5 ne. Ina tasha za ta zauna? Tarago ba ya tsayawa a kan gangara. Ka yi gadar mota ta haye layin, ko ka yanke allon ka yi rafi a ƙasa jirgi ya bi ta kansa, layin yana nan a shimfiɗe.

Kafintan Laranto

Yallaɓai, filawud mai kaurin milimita 9 ya isa, a kan firam na katako busasshe da sanda a gicciye kowane santimita 40. A Kasuwar Katako ka duba wanda ya daɗe a ajiye, ɗanye zai murɗe. Ka shafe sama da ƙasa da gefuna da banish, ka sa maganin gara. Katako yana shan laima da damina, ya tsuke da hunturu, dogon da ka kafa a watan Agusta sai ya tanƙware a Janairu saboda allon ya ja baya ya bar shi ba wurin miƙewa. In doguwar sanda mai lanƙwasuwa irin ta Peco ka shimfiɗa, bar tsaga rabin milimita a mahaɗi kowace mita.

Kan tambayarka ta ƙarshe, ramin falwaya kafin tsakuwa, ita kanta falwayar a ƙarshe. Shimfiɗa dogo, ja wayar wuta mai kaurin milimita 1.5 a ƙarƙashin allo, ka ciyar da dogo da sirara kowace mita, don mahaɗan ƙarfe suna saki. Tuƙa jirgi mako guda. Sannan ka sa alamar falwayoyi kusan milimita 20 daga tsakiyar layi, ka tura taragonka mafi tsawo da hannu ta kowace kwana, domin cikinsa yana leƙowa ta ciki, hancinsa ta waje. Fara sa alama daga masauyin layi da bakin tasha, nan ne ba ka da zaɓi, sauran ka raba tsakani. Huda, toshe ramukan da tsinken ashana, zuba tsakuwa, ɗiga Top Bond da aka sirka da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun wanke kwano. Gama duwatsu da gidajen baya, sannan ka taho gaba. Kada ka like falwaya da gam, ta shiga ramin da matsi yadda in hannu ya buge ta za ta fita ba ta karye ba.

Ɗan Anguwan Rogo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar gada, zan fara da falwaya ba waya. Saura ƙura da wutar gida.

Mai Dalma, Bukuru

Amin. Karanta jikin adafta kafin ka soka. Wutarmu bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120, in ba a rubuta 100 zuwa 240 ba zai ƙone. Ka bi da shi ta sitabilaiza, musamman in janareta ne. Ƙurar hunturu kuwa murfi take so, amma kada ka yafa zane kai tsaye a kan falwayoyi, yi firam mai tsayin santimita 15 ka ɗora leda a kai. Dogo ka goge shi da tsumma mara gashi da ɗan sifirit a bakin siririn itace da zai shige tsakanin falwayoyi. Kada ka kusance shi da sanfefa, ƙarzar da take bari ita ke tara datti. Layin baya da hannunka ba ya kaiwa ka ɓoye shi bayan tudu, ka bar shi ba falwaya, ka yanka ƙofa a gefen tudun mai faɗin tafin hannu don ciro taragon da ya sauka.