Koyon ɗinkin haɗa ƙyallaye ta intanet, zai yiwu?

Maman Hanifa, Katsina:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sana'ar ɗinki ku ba ni shawara. Akwai kwas ɗin haɗa ƙyallaye a yi bargo da ake koyarwa ta intanet, bidiyo ne da aikin gida. Mai keken ƙafa za ta iya bi? Kuma guntayen atamfa da shadda na wurin teloli za su yi?

Hajiya Tela, Daura:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Keken ƙafa ya wadatar, ai miƙaƙƙen ɗinki ne kawai. Amma kafin ki biya kuɗi ki tambaya ko malamar tana karɓar hoton aikin ɗalibai, gaba da baya, ta yi gyara. In bidiyo ne zalla, irinsa na nan kyauta a YouTube.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne rarar da ake bari a bakin ɗinki. Kwatan inci ce, wajen milimita 6, ba mai yawa irin ta riga ba. Ki yanka ƙyalle uku, kowanne faɗin inci ɗaya da rabi, ki haɗa su ki goge. Na tsakiyar ya kamata ya fito inci 1 cif. Idan bai kai ba, kin ci ƙyalle da yawa, kuma wannan ɗan kuskuren taruwa yake yi layi bayan layi har kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Ki auna kwatan inci daga allura, ki manna salatif a farantin keken ya zama jagora. Ki fara da murabba'i 9, kowanne inci huɗu da rabi, uku-uku a jere. In kin gama zai ba ki inci 12 da rabi.

Malam Mai Keke, Katsina:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Game da ƙyalle, atamfar auduga ta fi komai daɗin aiki. Kar ki gwama ta da mai santsi ko mai ja kamar roba, ɗaya zai miƙe ɗaya ya tsaya, ɗinkin ya tattare. Ki jiƙa kowace kala daban kafin yanka, don auduga tana tsukewa, rinanniyar shadda kuma tana zuba, musamman shuɗi da ja. Allura lamba 14 ta isa. Wajen guga dannawa ake yi a ɗaga. Jan dutsen guga yana karkata ƙyalle.

Anti Mai Bargo, Daura:
Saura haɗa shimfiɗa uku: fuska, abin ciki, da baya. In babu audugar ciki da ake nunawa a bidiyo, tsohon bargo mara kauri yana yi, ya ishi sanyin hunturu. Soso mai kauri keken ƙafa ba ya jansa daidai. Yadin baya ya ɗara fuskar da inci 4 ta kowane gefe. Ki shimfiɗa a ƙasa, ki kama da fil mai maƙalli duk bayan faɗin tafin hannu, ki fara ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, in ba haka ba bayan zai ninke ba ki sani ba. Ki gwada da rigar filo kafin ki taɓa bargon gado.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka da alheri. Anti, ƙyallen ɗaure bakin bargon fa, faɗin inci nawa zan yanka?

Anti Mai Bargo:
Biyu da rabi. Ki ninka biyu a tsaye, ki ɗinka ta fuska, ki juya baya ki kalmashe da hannu.