Wane makarin taɓo ya dace da tayar bayan babur ɗin shiga daji?

Matafiyi: Salam 'yan'uwa. Taɓo na fantsama har kan shokozoba da bayan kujera. Makarin da ke rungume taya zan saka, ko ɗan ƙaramin da ke bayanta?

Bakanike: Wa'alaikumus salam. Aikinsu daban, Malam. Mai rungume taya ana ɗaure shi a ƙarfen da ke riƙe da tayar, yana hawa da sauka tare da ita, shi ke kare shokozoba. Amma ka bar tazarar aƙalla milimita 20 tsakaninsa da taya. Taya mai manyan haƙora tana kwaso laka, in tazarar ta yi kaɗan sai ta cushe, ta fasa robar ko ta riƙe tayar. Ka duba ko inci 17 ce tayarka ko 18, domin makarin inci 17 da na 18 ba sa shiga wa juna.

Mai_Sifana: Na bayan taya bayanka da akwati kawai yake karewa. Girgiza ce ke kwance notinsa, sai a ɗiga Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, kafin a ɗaure.

Bakanike: Haka ne. Kuma bayan ka ja sarƙa, taya takan matsa baya, sai ka sake auna tazarar.