Tsiro a hancin Baba: mu yarda a yanki naman?

Abu Hafsat: Assalamu alaikum. Mahaifina, shekara 62, hancinsa na dama ya toshe tun damina, yana haɓo jefi-jefi. Likitan hanci da kunne ya leƙa ya ce akwai tsiro, a yi hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai, sannan a ɗebi naman a gwada. Kawu ya hana, wai da ƙarfe ya taɓa ƙari sai ya bazu. Waɗanda anka yi wa, mi kunka gani?

Ɗan Mabera: Ƙurar hunturu ce. A sayo mashi maganin ɗigawa a kemis.

Abu Hafsat: Tun damina na ce, Malam.

Maman Ummi: Ɗana, don Allah kar ku tsaya. Haka munka yi da maigidana, Allah ya jiƙansa. Shekara guda muna maganin mura, ga shaƙe, ga hayaƙi. Kunne ɗaya ya daina ji, munka ce datti ne. Sai da kumburi ya fito a wuya, mai tauri, ba ciwo, sannan munka je asibiti. Ashe kansa ce a bayan hanci. Anka rubuta gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, munka tarar na'urar ta lalace, munka sayar da gona munka tafi wani gari. Har yau ba ni iya kallon matashin da yake kwana a kai, jinin bai fita ba.

Nas Hadiza: Allah ya gafarta masa, Mama. Abu Hafsat, gwajin nama ba ya baza ƙari, shi ke nuna irinsa. Toshewar ɓangare ɗaya da jini ba a wasa da ita. Wani tsiron ba kansa ba ne, amma yana dawowa in ba a cire tushensa ba, ana danganta wani da ƙwayar cutar HPV, wadda ke kawo kansar bakin mahaifa. Kansar bayan hanci kuwa tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, kuma gashi yana kama ta in an zo da wuri. Akwai sashen hanci da kunne a UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna.

Bello Tambuwal: CT dubu 45 na biya bara.

Ɗan Mabera: Wane 45? Ƙanena dubu 90 ya biya.

Alhaji na Illela: Ke nas ce, ba likita ba. Wanzaminmu ya cire wa mutane da yawa.

Maman Ummi: Alhaji, ni da na yi takaba, maganata ba ta isa ba?

Ɗan Mabera: Wanzamin ya tsaya ga aski dai, ko shi rannan ya yanke ni.

Malama Asabe: HPV ɗin nan ba ita ce anka yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafinta ba? A makarantarmu iyaye sunka kwashe ɗiyansu, wai hana haihuwa ce. Ba wanda ya zo ya yi masu bayani kafin ranar.

Bello Tambuwal: Mu ma takarda kawai anka aiko, ita ma da Turanci.