An yanke TTN da CRISPR, amma ƙwayoyin zuciyar na bugawa lafiya lau

Hadiza_B: Salamu alaikum. Muna son kwaikwayon ciwon faɗaɗar zuciya a kwanon gwaji. An yanke kwafi ɗaya na ƙwayar gado ta TTN (mai samar da titin, babban furotin na tsoka) da CRISPR-Cas9 (almakashin yanke DNA) a ƙwayoyin iPSC (ƙwayoyin jiki da aka mayar tushe, masu iya zama kowane irin ƙwaya), aka mai da su na tsokar zuciya: an sa musu sinadarin CHIR99021 ranar farko, sinadarin IWP-2 rana ta 3. Rana ta 9 suka fara bugawa, amma har rana ta 20 ba su bambanta da waɗanda ba a taɓa ba. Ina matsalar take?

Dakta Auwal: Wa alaikis salam. A ina yankan ya faɗi? In a ɓangaren TTN da ake kira I-band ne, sau da yawa ƙwayar kan tsallake wurin lokacin haɗa saƙon RNA, furotin titin ya fito kusan cikakke. Na ɓangaren da ake kira A-band ne ba ya tsallakuwa. Ki duba RNA kafin komai.

Malama Rabi: Ko yankan ya yi daidai, rana ta 20 ƙwayoyin jarirai ne, 'yar'uwa. Kuma a shimfiɗe kan roba ba sa ɗaukar nauyi, to rauni ba zai nuna ba. Ki tace su tukuna: ruwan reno marar gulukos, da laktet milimola 4, kwana huɗu zuwa shida, har masu cTnT (furotin da ke nuna ƙwayar tsokar zuciya ce) su haura kashi 80. Sai ki zuba su cikin fibrin (furotin da ke daskarar da jini) tsakanin sandunan silikon biyu, ki auna yadda suke lanƙwasa sandunan. A irin wannan curin tsoka ne wani bincike na 2015 ya ga raguwar ƙarfi a yankan TTN. Ki ƙara T3 (homon na thyroid) da maganin dexamethasone da kitse irin palmitate, a riƙa motsa su da lantarki, sannan a matsa musu da isoproterenol, maganin da ke sa zuciya bugawa da sauri da ƙarfi. Kwana 30 zuwa 40 ne mafi ƙaranci.

Dakta Auwal: Wani abu kuma, abin kwatance ya zama daga layin iPSC ɗaya da waɗanda aka yanke, wanda ya sha Cas9 amma bai yanku ba, kowane ɓangare kulon (zuriyar ƙwaya guda) uku aƙalla. Gajeren PCR (gwajin kwafe ɗan yankin DNA) ba ya ganin babban giɓi, kuma iPSC da suka daɗe a reno kan tara ƙarin DNA a 20q11.21, wani yanki na kromosom na 20.

In da hali, a samo ƙwayoyin daga matanmu. Ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a Kano da Zariya, kuma wani bincike na 2016 ya sami yankan TTN a kusan kashi 10 na masu ciwon, amma ba matan ƙasar nan aka gwada ba.