Gindin katangarmu na jiƙewa duk damina, me zan yi kafin watan Agusta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar magina da duk wanda ya taɓa fama da irin wannan.

A unguwar Mabera da ke Sakkwato muke zaune, gidan ƙasa ne na gado, mu goma sha ɗaya a ciki. Gidan yana gangare, don haka da an yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya taho daga saman layi a ƙofarmu yake tsayawa. Kwatar layin kuwa ledoji da yashi sun toshe ta, mu yashe yau, jibi ta koma yadda take.

Bara na yi wa gindin katangar yaɓen siminti har zuwa gwiwa. Rani na yi sai ya ɓare ya faɗi falle-falle, na ga ƙasar da ke bayansa ta yi laushi kamar tuwo. Buhunan yashi sun ɗan taimaka, amma rana ta cinye su. Yanzu ɗakin Inna ya tsage daga sama har ƙasa, yatsa yana shiga. Tun ambaliyar 2010 da ta yanke gadar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take tsoron ruwan dare, da hadari ya haɗu ba ta barci.

Abin da ya fi damuna shi ne masai. Yana cika da ruwa, kuma taku goma ne tsakaninsa da rijiyarmu.

Shin a rushe ɓangaren da ya tsage a ɗora bulo, ko akwai yadda ake tokare shi? Rijiyar fa, mu daina sha ne gaba ɗaya, ko tafasawa ta isa? Kuɗin hannuna ba zai wuce buhun siminti huɗu ba.