Na sa indes amma kweri na har yanzu sakan 12 yake ci, ina matsalar take?

Ɗan_Fagge:
Salam 'yan uwa, dan Allah masana MySQL (manhajar rumbun ajiye bayanai) ku kawo min ɗauki. Akwai manhajar da na haɗa wa wani mai shagon sari, teburin ciniki yanzu ya kusa layi 900,000, to da zarar yaron shago ya buga lambar wayar kwastoma don ya ga abin da ya saya yau sai abu ya tsaya yana ta juyawa har sakan 12, kwastoma na tsaye, mai gida kuma sai kira na yake. Na sa indes (jerin da ke sa a yi saurin nemo layi a tebur) a kan lambar waya amma ko gezau. RAM zan ƙara wa saba (kwamfutar da ke ɗauke da bayanan) ko yaya?

Yar_Zariya:
Wslm. Kar ka kashe kuɗinka tukun malam. Sa EXPLAIN (shi ke nuna yadda MySQL ke bin tebur) a gaban kwerin, wato umarnin neman bayanan, ka faɗa mana abin da ya fito a type da key. Kuma turo WHERE ɗin yadda ka rubuta shi, sannan lambar wayar VARCHAR ce, wato rubutu, ko?

Ɗan_Fagge:
Eh VARCHAR ce. type ya nuna ALL, key kuma NULL. Ga shi: WHERE waya = $lamba AND DATE(lokaci) = CURDATE()

Yar_Zariya:
Ai kuwa ga ɓarawon nan. ALL na nufin tebur ɗin gaba ɗaya yake bi layi-layi, indes ɗinka na zaune ba aikin fari bare na baƙi. Ka ajiye waya a matsayin rubutu amma kana tambaya da lamba tsirara babu alamar ' ', to dole MySQL ya mayar da kowane layi lamba kafin ya gwada, tunda '0803' da '803' duk 803 suke komawa, indes kuwa a jeren rubutu yake, ba zai iya bi da shi ba. Tura ta a matsayin rubutu, kuma don Allah daina liƙa $lamba kai tsaye cikin kweri, yi amfani da PDO (hanyar PHP ta magana da rumbun bayanai) ka ɗaure ta, in ba haka ba wata rana wani zai buga maka SQL a akwatin buga lambar wayar ya kwashe komai.
DATE(lokaci) ma haka, in ka naɗe kolom cikin fonshon indes ɗinsa ba ya amfani. Ka ce lokaci >= farkon yau AND lokaci < farkon gobe. Sai ka yi indes guda mai haɗa biyun, (waya, lokaci), waya a gaba. Jerin na da muhimmanci, kamar ƙamus ne, sai ka san harafin farko kafin na biyu ya yi maka rana.

Baban_Kod:
Ta gama magana. Abin da zan ƙara ƙanena, kar daɗi ya ɗebe ka ka bi kowane kolom kana sa masa indes, ni na taɓa yin haka a wani aiki, karatu ya yi sauri amma INSERT ya koma tafiyar hawainiya saboda kowane sabon layi sai an gyara duk indes ɗin. Irin kolom na an biya ko ba a biya ba, shi kaɗai da wuya ya amfane ka.

Ɗan_Fagge:
Wallahi ya yi, yanzu kafin ka ɗaga yatsa ya fito, type ya koma range, wato wani yanki na indes kawai yake bi. Allah ya saka da alheri. Saura neman suna, LIKE '%musa%' shi ma jan ƙafa yake.

Baban_Kod:
Wannan % na farkon ne ya kashe ka. In 'musa%' zai wadatar cire shi, in kuma dole a nemo har sunan tsakiya to gwada FULLTEXT (indes na neman kalmomi cikin rubutu), InnoDB, injin teburin MySQL, na da shi tun MySQL 5.6. Wane bashan na MySQL kake kai?