Na gama gem ɗin Pokémon, daga ina zan fara kallon katun ɗin?

Abba_Kurna:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu kallon katun ɗin Japan a taimaka min da shawara. Ni ta gem na san Pokémon, FireRed na buga a waya har na kai ƙarshe, yanzu ina son kallon katun ɗin amma da na duba sai na ga labarin Ash, jarumin katun ɗin, shi kaɗai ya haura kashi 1200, ga kuma wasu daban wai Origins, Horizons, har da na Netflix. Kun dai san yadda data take yanzu, ba zan iya sauke duka ba. Wanne ne ya fi bin labarin gem ɗin? Kuma dole ne sai an faro daga na farko?

Sadiq_TudunWada:
Wslm Abba. Tunda FireRed ka buga kar ma ka wahal da kanka, nemi Pokémon Origins kawai. A 2013 ya fito, kashi 4 ne kacal, a zama ɗaya za ka gama shi. Babu Ash a ciki, Red ne jarumin, wato shi wanda kake juyawa a gem, ya ɗauki Charmander abokin hamayyarsa ya ɗauki Squirtle, har ya je ga Giovanni, shugaban miyagun nan 'yan Team Rocket, da Mewtwo. Kashi na biyu shi ne wanda ya tsaya min a rai, na garin Lavender, inda 'yan Team Rocket suka kashe uwar Cubone suka bar ɗan maraya. A gem rubutu kawai kake karantawa ka danna ka wuce, a nan kuwa za ka ga ɗan yana kuka wallahi sai jikinka ya yi sanyi.

Na Ash kuma gaskiya in ka saba da dokokin gem zai ɓata maka rai. Kai ka san lantarki ba ya taɓa Onix, Pokémon ɗin nan na dutse da ƙasa, ko kaɗan, amma a katun sai ga famfon kashe gobara ya jiƙa Onix ɗin Brock, Pikachu ya watsa masa wuta ta kama shi, ƙarshe ma Ash bai kammala faɗan ba Brock ya miƙa masa bajin nasara. Ni abin nan har yau bai kwanta min ba.

Maman_Hanan:
Haba Sadiq, ai ba ka yi wa Ash adalci ba. Ƙanina Abba ka saurare ni, katun ɗin Ash ba don ya maimaita gem aka yi shi ba, labarin yaro ne da abokinsa. Gem ɗin ya fito a Japan 1996, katun ya biyo baya a watan Afrilun 1997 a TV Tokyo, kuma shi ne ya ɗaga Pikachu duniya ta san shi, ai a gem na farko ba ya ma cikin ukun da ake ba ka ka zaɓa. Saboda farin jinin katun ɗin ne aka dawo aka yi Pokémon Yellow a 1998 inda Pikachu ke bin ka a baya, har Jessie da James, 'yan Team Rocket na katun, aka saka a ciki. To ka ga wani lokacin gem ɗin ne ke bin katun.

Kuma abin da Origins ba zai ba ka sosai ba shi ne faɗuwa. Red ya ɗan faɗi, amma yawanci ci yake yi yana wucewa. Ash kuwa ya sha ƙasa har ya gode Allah, a gasarsa ta farko Charizard ɗinsa ne ya kwanta a fili ya ƙi jin magana aka fitar da shi, a gasar yankin Sinnoh wani Tobias ya zo da Darkrai da Latios ya share shi a kusa da na ƙarshe, a Kalos ya kai wasan ƙarshe Alain ya doke shi. Sai 2019 ya ɗau kofi a Alola, 2022 kuma ya doke Leon ya zama zakaran duniya. Mu da muka taso da shi ranar nan ba ƙaramin daɗi muka ji ba. Ba sai ka kalli duka ba amma aƙalla ka kalli farkon har inda ya saki Butterfree.

Dan_Maradi:
Ni ina tsakiya. In faɗa mai kyau kake nema da zane mai ɗaukar ido to XY da XYZ, wato labarin Ash a yankin Kalos, nan ne Ash ya yi hankali yana lissafi kamar mai buga gem na gaske, Greninja ɗinsa kuwa ba a magana. Ba ka buƙatar sanin abin da ya faru a baya don kowane sabon yanki kusan daga farko yake farawa, shi da Pikachu kawai.

Abu ɗaya, in za ka bi na farkon za ka ga babu kashi na 38, na Porygon. Kar ka je nema. A Disambar 1997 da aka haska shi walƙiyar ja da shuɗi ta sa aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti a Japan, aka dakatar da shirin wata huɗu, kuma ba a sake haska wannan kashin ba. Don haka ka guje shi, musamman in akwai yara kusa da kai ko mai farfaɗiya a gida.

Abba_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Origins zan fara saukewa yau da dare, sai XY. Anty Maman Hanan in sha Allah zan kalli na Butterfree ɗin. Horizons fa? Ƙanwata 'yar shekara tara tana son mu riƙa kallo tare.

Maman_Hanan:
Ai shi ne daidai ita. A Afrilun 2023 ya fara bayan an rufe labarin Ash, yarinya ce ma jarumar, Liko, da 'yar magenta Sprigatito, sai wani yaro Roy, suna yawo a jirgin sama tare da wani Pikachu mai hular kyaftin. Labari ɗaya ne a jere don haka shi kam daga kashi na 1 za ku fara kar ku tsallake. In kuma tana son mai sanyi babu faɗa ka sa mata Pokémon Concierge na Netflix, da 'yan tsana aka yi shi, gajeru ne ba za su ci maka data ba.